Kuskure Uku a Takardar Burtali

Alli idan ya sha danshin damina yana da wani ƙamshi nasa, tsakanin na farar ƙasa da na tsohuwar katanga. Ba ya kama allo sai ka danna, in ka danna kuma ya karye maka a hannu. Shekaranjiya na buɗe kwalin alli a ajin da nake koyarwa a Rano, bayan an yi ruwan safe, sai wannan ƙamshi ya bugi hancina. Yara suna jiran in fara, ni kuwa na riga na koma soron gidanmu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a daminar da kowa a ƙauyenmu ya koma kallon maƙwabcinsa ta gefen ido.

Ƙauyen namu yana ƙasar Kibiya, ba nisa da titin da ya nufi Rano. Ba zan faɗa maka sunansa ba, domin 'ya'yan mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasu ma na sha cin tuwo a gidajensu. Gidanmu sassa biyu ne, da ɗakin Kaka a tsakiya. Sashe ɗaya na Baffa ne, yayan mahaifina, wanda ya koyar a firamare har ya yi ritaya. Ɗayan namu ne. Baba direba ne, yana da tsohuwar akori-kura da yake kai hatsi Kano da ita daga kasuwannin ƙauye. Baffa ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe shi, a hannunsa ya yi ɗan karatun bokon da ya yi kafin mota ta ɗauke masa hankali. Ni sunan Kaka na ci, shi ya sa su biyun Uwata suke kirana.

Kullum bayan la'asar soronmu cika yake da yara. Baffa ya shafe gefe ɗaya na bango da baƙin fenti, nan ne allonsa, kuma ba ya karɓar komai a hannun kowa. Lissafi yakan taɓa shi sama-sama, amma abin da ya fi damunsa a duniya abu biyu ne a Turanci: inda ake sa babban baƙi, da 'yan ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri da lokaci. Yakan ce Bahaushe da "a" ɗinsa guda ɗaya yake zuwa ko'ina, a Kano, a watan azumi, a ƙarfe biyu, amma Bature sai da ya raba ta gida uku don ya wahalar da 'ya'yan mutane. Rana tabarma ce, in ji shi, a kanta ake zama, don haka "on" take ɗauka: "on Friday". Wata da gari ɗaki ne, shiga ake yi, sai "in". Ƙarfe kaza kuwa turke ne, a gindinsa ake tsayawa, "at" ke nan. Babban baƙi kuma rawani ne, ba kowa ake naɗa wa ba: sunan mutum, sunan gari, sunan rana da na wata, sai wanda ya zo farkon jimla. In ka rubuta Kano da ƙaramin baƙi, sai ya riƙe littafinka da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya tambaye ka laifin da Kanawa suka yi maka da ka tuɓe musu rawani.

Kaka ba ta yarda da wannan karatu ba, kuma ba ta ɓoyewa. Tana zaune a bakin ƙofar cikin gida tana ɓarar gyaɗa, kunnenta na soro. Ranar da ta ji Baffa yana cewa kalmar da Bature ke nufin "ni" da ita kullum da babban baƙi ake rubuta ta, ko a tsakiyar jimla, sai ta ajiye ƙwaryar.

"Shi kansa yake naɗa wa rawani? To 'kai' fa, da wane baƙi yake rubuta shi?"

"Da ƙarami, Inna."

"Na san za a rina. Mutumin da ya girmama kansa ya ƙasƙantar da abokin maganarsa, ku dai ku riƙa duba abin da yake ba ku ku sa hannu."

A bayan ƙauyenmu akwai burtali, hanyar shanu, wanda tun kakannin kakanni Fulanin da ke zaune wajen Durba suke bi da dabbobinsu zuwa mashaya. A farkon wannan damina sai aka wayi gari an nome shi. Dagacinmu ya yanka shi ya ba wasu mutanensa uku, suka shuka masara har bakin kwalbati. Ba wanda ya ce uffan a fili. Shanu suka rasa hanya, suka koma bin kwalta, in sun kauce wa mota su faɗa gonar mutane. Kafin a yi noman biyu an zare adda sau biyu. Wata ranar Baba ya dawo gida da gaban motarsa a lotse, ya ce garke ya tarar a kwana, ya taka birki motar ta juya, saura ƙiris ya bi ta kan wata mai tallan nono da goyo a bayanta. Bai ci tuwo ba ranar.

Bayan kamar mako uku sai ga mota daga sakatariya da mutane biyu masu ɗauke da fayil. Wai an aika takardar koke a kan burtali, da Turanci, bugun tafireta, ba suna ba sa hannu, sai dai a ƙasa an ce daga masu kishin gari. Suka bar wa dagaci kwafi suka ce za su dawo da masu awo. Duk takardar Turancin da ta shigo ƙauyenmu Baffa ake kira ya karanta ya fassara, don haka aka aiko a kira shi ƙofar fada. Ya karanta, ya fassara ta kalma bayan kalma a gaban jama'a, bai rage komai ba. Waɗanda suke wurin sun ce da ya kai tsakiya ya ɗan tsaya, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ci gaba. Da ya gama, dagaci ya dube shi ya ce, "Malam, ka karanta ta kamar wanda ya san abin da ke layi na gaba." Ya miƙa masa kwafin ya ce ya tafi da kayansa.

Daga ranar zargi ya sauka a gidanmu kamar hayaƙin ɗanyen itace, ba ka ganin wutar amma idonka na ruwa. Wa ya iya Turancin da zai rubuta wa hukuma in ba Malam ba? Wa Ardon Fulanin yake kawo wa kindirmo duk sallah? Yaran soro suka fara raguwa. 'Ya'yan masu sababbin gonaki ne suka fara ɗaukewa, sai na 'yan'uwansu, sai na masu tsoron a gan su tare da mu. Cikin kwana goma muka rage mu huɗu, uku 'yan gida ne. A masallaci, na ji ana faɗi, in Baffa ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya tuna bai gyara takalminsa a waje ba. Matar dagaci, wadda take aiko wa Kaka da goro duk Juma'a, ta daina. Kaka ta ce ita dama tun farko ta faɗa.

Ni ce na fara cewa ba shi ba ne, kuma ba don ƙauna kawai ba. Wata rana ina share soro na ga kwafin a cikin ƙamus ɗinsa, na zauna na karanta da yatsa. Ban gane rabin kalmomin ba, amma na ga abin da aka horar da idona ya gani. An rubuta "in friday", ga "in" a wurin "on", ga Juma'a ba rawani. An rubuta sunan Kibiya da ƙaramin baƙi har sau biyu. Sannan kalmar shanu da kalmar titi, waɗanda ba sunan kowa ba ne, duk inda suka fito an naɗa musu babban baƙi a tsakiyar jimla. Kuskure iri uku, kuma kowanne in ɗayanmu ya yi shi sai ya sake rubuta layin sau ashirin.

Na ruga na same shi yana alwala. "Baffa, ai wannan takarda cike take da kuskure. Ka kai musu ka nuna musu. Kowa ya san ba za ka rubuta haka ba."

Ya gama wanke ƙafarsa tukuna. "Wa ya ce ki taɓa mini littafi, Uwata?"

Ya karɓe takardar ya ninke ya sa a aljihu. Na gaya wa Umma, ita kuma ta faɗa wa mata a wurin niƙa, tana ganin ta samo mana mafita. Da yamma ta dawo ranta a ɓace. Sun ce ai wannan shi ne babban shaida: wanda ya san daidai shi ya san yadda ake karkata shi, da gangan ya zuba kuskuren don ya ɓad da sawu. A nan na fara gane cewa zargi in ya sami wurin zama, duk abin da ka kawo don ka kore shi abinci ne ka kawo masa.

Sai ni ma na kamu. Na ƙudura sai na gano mai takardar, na koma karanta duk wani rubutun Turanci da ke ƙauyen da idon ɗan sanda. Na zargi mai kemis, na je sayen maganin Kaka na tsaya ina duba abin da ya rubuta a jikin ambulan har ya tambaye ni ko lafiya. Na zargi malamin gona. Na zargi ƙanen dagaci, wanda kowa ya san yana ganin shi ya fi cancanta da rawanin. Har hedimastanmu ban bari ba, in yana rubutu a allo ina jiran hannunsa ya zame. Kowa na same shi da kuskurensa, amma ba wanda ya haɗa ukun nan. Mutanen da na tashi ina gaishe su a durƙushe suka koma mini abin tuhuma, kuma ina jin daɗin hakan, abin da nake jin kunyarsa yanzu.

Dawa ta yi tsawo ta fara fitar da kai lokacin da gwaggonmu ta haihu a Rurum. Za mu je suna mu kwana biyu, sai an nemo mini izini a makaranta. Irin wannan takarda Baffa ke rubutawa, amma ranar ya yi sammako zuwa Kibiya wajen tantance 'yan fansho. Baba yana sauri, lodi na jiransa. Ya yagi takarda daga littafina, ya ɗora a kan bonet ya rubuta layi huɗu, ya ninke ya ce in kai wa hedimasta.

Hanyar makaranta ta cikin gonaki take bi, raɓa na jiƙa maka zane har gwiwa. Ban buɗe takardar don ina zarginsa ba. A lokacin na riga na zama mai buɗe kowace takarda. Na karanta a tsaye tsakanin karan dawa. Sunan Rurum da ƙaramin baƙi. Wai zan dawo "in monday". Sannan a layi na farko, a tsakiyar jimla, inda ya ce 'yata, ya rubuta "my Daughter" da wani ƙaton baƙi mai ciki kamar tulu.

Na daɗe a wurin. Ina jin kukan kurciya da ƙarar wata babbar mota can a kan titi. Abin da ya fara zo mini shi ne hedimasta ma ya ga kwafin koken, kuma shi ma malami ne. Na cusa takardar a cikin ɗankwalina, na je na nemi izinin da baki, na ce Baba ya manta bai rubuta ba. Ƙaryar farko ke nan da na tuna na yi wa babba ido da ido.

Da la'asar Baffa ya dawo a gajiye, soro ba kowa. Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce in zauna.

"Wa ya gani bayan ke?"

"Ba kowa."

"To ya tsaya a nan."

"Baffa, ka sani tun ranar?"

"Tun layi na biyu. Shekara uku ina fama da shi a kan ranakun nan, bai taɓa zama a kan tabarmar ba. Kuma tun yana yaro duk abin da yake da girma a ransa sai ya ba shi babban baƙi, ko littafi ya yarda ko bai yarda ba." Ya sake duban takardar. "Kowane ɗalibi da irin kuskurensa, Uwata, kamar yadda kowa da irin tafiyarsa. Ko cikin duhu ka san takun ɗan gidanku."

Na ce to me ya sa ba zai faɗa ba, ga shi an watse an bar shi. Ya ce hatsin da Baba yake ɗauka, kashi mafi yawa na mutanen dagaci ne, in suka juya masa baya motar sai dai kaji su kwana a ƙarƙashinta, kuma bakuna nawa ne suke ci daga motar nan, har da nasa. Shi kuwa fansho yake ci, ba dagaci ke ba shi ba. "Abin da ya rubuta gaskiya ne. Turancin ne kawai ba daidai ba, wannan kuwa laifin malaminsa ne." Ya ciro jan biro daga aljihu, kamar hannunsa ne ya yi da kansa, ya gyara kuskure ukun, sannan ya yayyaga takardar ƙanana ya zuba a aljihu.

Ka ce hankalina ya kwanta? Bai kwanta ba. Zargin da nake yawo da shi a gari ya dawo cikin gida ya zauna a kan mahaifina. Na riƙa kallonsa. In ya dawo daga Kano da burodi ya kai wa Baffa, sai in ce a raina toshiyar baki ce. In ya gaisa da mutanen dagaci a tasha yana dariya, sai in ji kamar in nutse. Na lura ya daina zama a soro, ya daina haɗa ido da yayansa, yana ci yana sauri ya tashi. Ina gaishe shi kamar kullum, amma na daina rugawa in na ji ƙarar motarsa. Ya lura. Wata rana ya tsaya ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce in kawo masa ruwa.

Bayan an yi girbi masu awo suka zo, suka kafa turakun siminti, burtali ya koma burtali. Shanu suka sauka daga kwalta, ba a sake zare adda ba. Dagaci ya ci gaba da sarautarsa, amma bai yafe ba. Yara sun dawo soro kaɗan-kaɗan, shekara ta zagayo kafin su kai rabin na da. Fada kuwa ba a ƙara kiran Baffa karatun takarda ba har ya bar duniya, sai dai a aika wa mai kemis, wanda yake fassara abin da ya gane ya cike sauran da ka. Waɗanda suka fi amfana da buɗe burtalin ma, manoman da aka daina yi wa ɓarna, in an ambaci Baffa sai su ce mutumin kirki ne amma a yi hankali da alƙalaminsa.

Ina kwalejin horon malamai ya rasu, a farkon bazara. Ranar sadakar uku an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mu mata muna ciki muna jin komai ta kan katanga. Liman ya yi addu'a, ya ce in akwai mai magana. Sai na ji muryar Baba, ba ta rawa ko kaɗan.

"Takardar burtali ni na rubuta ta. Ni na kai aka buga a Kano, ni na aika. Yaya bai san da ita ba sai da kuka ba shi ya karanta. Sau uku ina cewa zan fito in faɗa, yana cewa in na faɗa bai yafe mini ba. Yau ba ya nan."

Dagaci ya tsufa a lokacin, yana wurin. Wani daga cikin mutanensa ya ce ai abin ya wuce, an yafe.

"Ba yafiya nake nema ba," in ji Baba. "Wanda za a nemi yafiyarsa mun kai shi shekaranjiya. Na faɗa ne don kowa ya san abin da zai roƙa masa, da abin da zai roƙa wa kansa."

Ni ma ina cikin waɗanda maganar ta shafa, ko da yake bai sani ba. Shekara takwas ina ɗaukarsa matsoraci.

Yanzu ni ke koyar da waɗannan ƙananan kalmomi, kuma zamani ya sauya. Ɗalibaina a waya suke rubutu, ita take ɗaga musu baƙi a farkon jimla, ita take gyara musu sunan gari kafin su lura sun yi kuskure. Rubutu ya fi tsabta, ban musa ba. Amma in sun kawo mini aikin da aka buga, na yara arba'in kamar na mutum ɗaya ne, ba na iya cewa wannan na wance ne. Koke ma yanzu ba a zuwa Kano a buga shi, daga ɗaka ake watsa shi duniya ta gani, kuma zargi ya fi na da saurin tafiya. Ina koya musu daidai iyakar ƙarfina, domin takarda mai kuskure ba a cika daraja ta a ofis ba. Sai dai na daina saurin yanke wa mutum hukunci da abin da na gani a rubuce.

Baba ya ajiye tuƙi, idonsa ya yi rauni. Kwanakin baya na je gida na same shi a soro, a gindin bangon da fentinsa ya koɗe. Muka yi hira har ta kai mu can, sai na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, Baba, ga malamin Turanci a gida, katanga ɗaya ta raba ku, me ya hana ka kai masa ya gyara maka kafin ka aika?

Ya daɗe yana murza carbi.

"Na san akwai kuskure a ciki, Uwata. Ban san ko ina ba ne, amma na san akwai. Cewa na yi in na kai masa ya sa mata hannu, ta zama tasa. So na yi in raba shi da ita."